Batirin Surukina Yana Ƙarƙashin Gadona

Zuwa ga Mai Girma Darektan ofishin aikin rijiyoyi da nake yi wa tuƙi, a nan Damagaram.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Bayan gaisuwa irin ta ƙarami ga babba, ina tambayar lafiyarka da ta iyali, tare da fatan daminar nan da ta sauka ta zo mana da alheri baki ɗaya. Ni ne Habu, direban farar motar ofis, wanda kake kira Shofar in kana sauri, Malam Habu kuma in akwai baƙi. Ban sa sunanka ba, ban sa sunan ofis ba, don ba tozarta ka na fito yi ba. Kai ka san da kai nake, waɗanda suka tsaya a wurin ranar nan su ma sun sani.

Yallaɓai, ban so ta kai mu ga haka ba. Na nemi ganinka a biro, wato ofishinka, ba sau ɗaya ba, kullum sai sakatare ya tare ni a bakin ƙofa ya ce maganar ta wuce, tunda an mayar mini da lakile, wato makullin mota, me kuma nake nema. Shi ya sa na ɗauki alƙalami da takarda, ni da rabona da dogon rubutu tun ina lakwal, makarantar boko. A bainar jama'a aka faɗi maganar da ta kashe mini fuska, don haka a bainar jama'a zan nemi gyaranta. Wallahi ina rubutun nan kunya na cin raina, amma kunyar yin shiru ta fi.

Na farko: yadda ciwon motar ya fara.

Tun farkon bazarar da ta wuce motar nan ta soma wani hali. Duk ranar da ta yini tana tafiya, lafiya lau, murzawa ɗaya ta tashi. Amma in ta kwana biyu a tsaye, kamar daga Juma'a zuwa Litinin, sai in zo da safe in murza lakile in ji ƙyas-ƙyas kawai, fitilun gaban sitiyari su yi ja-ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Shekaruna a tuƙi sun isa in san cewa wannan kukan batiri ne.

Na yi abin da kowane direba zai yi. Na duba ko na manta fitila a kunne, ko rediyo, ko ƙofa ba ta rufu sosai ba. Na ɗaga kapo, wato murfin inji, na kwance kawunan batiri, na kankare farin gishirin nan da ke taruwa a kansu, na ɗaure su tamau. Na duba ruwan batiri. Na kai ta gareji aka gwada altanata, wato na'urar da ke mayar wa batiri caji in inji na aiki, aka ce ƙalau take. Duk na faɗa wa kontabul, mai riƙe da kuɗin ofis, shi ne ya ce batirin ne ya tsufa, aka sayo sabo. Sabon ma bai daɗe ba ya bi sawun tsohon.

A nan na ce masa akwai abin da ke shan wuta a ɓoye in mota na kashe, a bar ni in kai ta wajen mai gyaran wayoyin mota ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya dube ni wani iri, ya ce ba a taɓa wayoyin motar nan sai da izini daga sama. Izinin bai taɓa saukowa ba.

To, mota ba ta jiran izini, kai kuma in ka fito da safe so kake ka tarar da ita tana ruri. Sai na koma ga dabarar da kowane ɗan tasha ya sani: in an tashi aiki da yamma in sa sifana in cire kan batiri guda, da safe in mayar. Tun da na fara haka ba ta sake ƙin tashi ba ko sau ɗaya. Har daɗi nake ji a raina, ina ganin na tsare wa ofis batirinsa. Ashe ramin kaina nake haƙawa da wannan sifanar.

Rannan aka kira ni biro aka ce daga yau kada in ƙara ɗaga kapo sai a gaban kontabul. Ba a faɗa mini dalili ba, ni ma ban tambaya ba. Na dai lura mai gadi ya daina haɗa ido da ni, in na zo shan shayi a bakin ƙofa sai hira ta mutu. Na ɗauka wani abin ne dabam.

Na biyu: abin da ya faru a ƙauyen da ke ƙasar Garagumsa.

Ka tuna tafiyar da muka yi don miƙa sabuwar rijiya. Abin da mai yiwuwa ba ka sani ba, wannan ƙauyen garin matata ne. Can aka haife ta, can na je neman aurenta, can mahaifinta yake zaune har gobe. Da na ga sunan garin a takardar tafiya, murna ta kama ni. Na sa aka wanke mini farar rigata, na sayi goro da sukari, matata ta ƙulla wa uwarta sabulu da ɗan atamfa. Na ce yau surukai za su ga mijin ƴarsu ya shigo da manya, da aikin da ya kawo musu ruwa.

Muka yi kwana biyu a can saboda aikin bai kammala ba, mota na tsaye ƙarƙashin iccen bedin da ke dandali. Ina kallonta, hannuna na ƙaiƙayi in cire kan batirin nan, amma an hana ni, kontabul kuwa yana Damagaram. Na ce a raina Allah ya rufa asiri.

Ranar tafiya, bayan an gama taro, mai gari da liman da dattawa suka rako ka har bakin mota. Mata na daga gefe, masu aikin rijiya na tsaye. Surukina yana cikin dattawan, da babbar rigarsa shuɗiya wadda ba ya sawa sai Idi da ɗaurin aure. Ba zan ambaci sunansa ba. Tun da na auri ƴarsa bakina bai taɓa furta shi ba, ba kuwa a takarda zan fara ba. Na shiga, na yi bisimilla, na murza. Ƙyas. Na sake. Ƙyas.

Yallaɓai, na san rana ta yi zafi, na san kana da wani taron a gaba. Da zagina ka yi da Faransanci, da na haɗiye, don ba kowa zai ji ba. Amma da Hausa ka yi magana, da murya sama, har da nuna ni da yatsa ta tagar mota. Ka ce ka gaji da ni. Ka ce ofis ya san kullum dare ina cire batirin mota, ina musanya sabo da mushe, kuma kuna da shaida a kwamfuta, mai gadi ma ya gani da idonsa. Ka ce an ba ɓarawo amana. Kalmar ke nan, ban ƙara ba, ban rage ba.

Na ji kana faɗa wa mutane daga baya cewa ai ban musa ba. Gaskiya ne, ban ce uffan ba. Amma kai ma ɗan Hausa ne, Yallaɓai, ko da boko ya kai ka nesa. Surukina na tsaye taku kaɗan daga gare ni. Mutumin da ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa ɗaga kai na dubi ƙwayar idonsa ba, wanda in na hango shi a hanya nake tuɓe takalmi in durƙusa. A gabansa zan ɗaga murya in yi cacar baki da ubangidana? Na sunkuyar da kai kawai. Ni ladabi nake yi, jama'a kuwa suka ga mai laifi da aka kama.

Sai mai gari, don ya kashe maganar, ya ce a taru a tura. Ka san ƙasar can, yashi ne har idon sawu, motar kuwa ba ƙarama ba. Samari suka kama, ta ƙi motsi. Dole ni in zauna a sitiyari, don ba wanda ya iya sakin kuloci a kan lokaci sai ni. Na sa giya ta biyu, na ɗaga ido na dubi madubi.

Abin da na gani a madubin nan shi ne ya hana ni barcin kirki har yau. Surukina ya naɗe hannuwan babbar rigarsa a kafaɗa, ya tuɓe takalmi, ya shiga tsakanin samari ya dafa bayan mota. Tsoho mai furfura, mai ciwon gwiwa. Ni ina zaune a kan kujera mai laushi, shi yana nishi a bayana. Da aka ga ya kama, sai sauran dattawa suka ji nauyi su ma suka kama. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na so in buɗe ƙofa in fita in bar muku motarku, amma in na fita wahalarsa ta zama banza.

Da ta ɗauki gudu na saki kuloci, ta yi tsalle ta tashi, ta tofa baƙin hayaƙi. Tsallen nan ya kwashe ta daga hannunsu, na ga surukina ya tafi gaba ya faɗi bisa gwiwoyinsa, hularsa ta gangara cikin yashi. Ƙafata ta nufi birki, ka ce in wuce, in na tsaya za ta nutse. Da gaskiyarka, da ta nutse. Na wuce. Ban sauka na ɗaga shi ba, ban yi masa sannu ba, ban yi masa sallama ba. Daga nan har Damagaram ban san yadda na tuƙo mu ba.

Washegari aka karɓe lakile, aka ce in zauna gida sai an neme ni.

Na uku: saƙon da ya zo mini.

Ranar kasuwa ta zagayo, ina zaune a zaure a unguwarmu ta Birni, ko masallaci sai na bari an tada salla nake shiga in tsaya sahun baya, sai ga gwaggon matata ta sauka daga motar ƙauye da buhun hatsi. Na yi mamaki, don lokacin ba na kyautar hatsi ba ne. Rumbuna sun yi ƙasa, kowa na lallaɓa abin da ya rage ya kai shi kaka. Ta gaisa da mu sama-sama, ko ruwa da ƙyar ta sha. Ta ce Baba ya ce a kawo, kuma ya ce kada a buɗe a gaban yara. Ta juya.

Muka ja buhun cikin ɗaka, nauyinsa ya fi na hatsi. Matata ta kwance bakin, ta tura hannu, sai na ga ta janye kamar ta taɓa wuta. Batiri ne a tsakiyar geron, an naɗe shi da tsohon zane.

Na san batirin nan. Shi ne na panon hasken rana da ke kan rufin ɗakin surukina. Shi ke kunna ƙwan fitilar tsakar gida da na ɗakin tsohuwa. Shi ke ba rediyonsa wuta, wanda yake jin labarai da wa'azi da sanarwar rasuwa. A jikinsa maƙwabta ke cajin salula. Sai da ya sayar da amfanin gyaɗarsa na shekara kafin ya mallake shi, kuma duk wanda ya je gidan sai an nuna masa.

Matata ta bi gwaggo har tasha tana tambaya. Abin da tsohon ya ce a faɗa mini gajere ne: in kai wa mutanen nan abinsu su bar ni da aikina, kowa yana shiga matsi, kuma shi bai ji komai ba a ranar nan, bai ga komai ba.

Yallaɓai, ka gane abin da wannan ke nufi? Ya yarda na sata. Babban mutum ya faɗa a gaban mai gari da liman, ya ce da shaida, ni kuma na yi shiru. Me zai hana shi yarda? Amma bai kira ƴarsa gida ba, bai aiko da faɗa ba, bai ko yi mini nasiha ba. Ya cire hasken gidansa ya ɓoye cikin gero ya aiko don ya rufa wa ɓarawo asiri. Da mari ya aiko mini da shi, da na fi samun sauƙi. Ranar nan na juya wa matata baya na yi kuka kamar yaro, ban ji kunyar faɗa ba.

Na huɗu: abin da ke shan wutar.

Ina gida kuka ɗauki wani direba, kuka sa wa mota wani sabon batiri. Ba ni kusa, sifanata na rataye a ɗakina. Aka wayi gari wata Litinin ta ƙi tashi. Aka sake wata Litinin ta ƙi. A nan ne izinin da na roƙa tun bazara ya sauko, aka ja ta zuwa wajen Malam Ilu, mai gyaran wayoyin mota a unguwar Kara-Kara. Shi ya aiko aka kira ni, don ya ji abin da aka ce na yi, ya ce in zo in gani da idona.

Ba wani abin mamaki ya yi ba, aikinsu ne na kullum. Ya kashe mota, ya zare lakile, ya rufe ƙofofi. Ya cire kan batiri guda, ya haɗa ɗan ƙwan fitila tsakanin wayar da batirin. Ya ce in ba abin da ke jan wuta, ƙwan ba zai kama ba. Ƙwan ya kama, har da haske. Sai ya shiga zare fizibul, ƴan abubuwan nan da kowace waya ke bi ta cikinsu, ɗaya bayan ɗaya, yana duban ƙwan. Ya zare na fitilu, yana ci. Na rediyo, yana ci. Ya zare su kaf, ƙwan bai ko ƙifta ba. Ya ce to, ɓarawon nan ba ta ƙofa ya shigo ba, akwai wayar da aka ja kai tsaye daga batiri. Ya bi ta da hannu har ƙarƙashin sitiyari, ya kwance murfi, ya zaro wani ɗan baƙin akwati da bai kai tafin hannu ba, an naɗe shi da salatif, jikinsa da ɗumi. Yana tsinke wayarsa ƙwan ya mutu.

Na'urar bin sawun mota ce, mai nuna wa na zaune a biro inda mota take. Kontabul na tsaye a wurin, shi da bakinsa ya ce ofis ne ya sa aka ɗaura ta a farkon bazara, ranar da aka aike ni wani wuri. Malam Ilu ya ce ire-irenta da yawa ba sa cin wuta haka, amma wannan mai araha ce, wanda ya ɗaura ta kuma ya yi haɗin gaggawa, ba ta barci dare da rana, tana tsotsar batiri har ya ƙare. Batirin da aka yi ta ƙarar da shi haka a zafin garin nan kuwa ba ya daɗewa.

Sai komai ya fito mini fili. Duk yammar da na cire kan batiri don in tsare shi, na'urarku sai ta mutu, kwamfutarku ta nuna an cire batiri. Da safe in mayar, ta farfaɗo. Mai gadi kuma ya gan ni da sifana a gaban mota. Wannan ce shaidar taku. Abin da kuka ɓoye don ku kama ɓarawo shi ne ke satar wutar, maganin da na yi wa satar kuma shi ya zama laifina. Da an tambaye ni sau ɗaya, cikin biro, ƙofa a rufe, me nake yi a gaban mota da yamma, da numfashi ɗaya na ba da amsa.

Ba zan ɓoye maka ba, ganin akwatin nan ma wata kunyar ce. Na ɗauki ƴaƴanka zuwa lakwal, na kai maiɗakinka asibiti, na kwana da kuɗin ma'aikata a daji ban taɓa ko dala ba. Ashe duk wannan lokacin akwai ido a ƙarƙashin gwiwata. Motarku ce, kuna da iko ku sa mata abin da kuka ga dama. Amma da an faɗa mini.

Bayan kwana kaɗan aka aiko in koma aiki. Sakatare ya miƙo mini lakile yana murmushi, ya ce an gano matsalar. Kai kuma da ka shigo mota ka ce, Malam Habu, kwana biyu. Shi ke nan.

Na biyar: dalilin da ya sa ba ta wuce ba.

Za ka ce in je in faɗa wa tsohon gaskiya mana. Yallaɓai, da wane baki? Suruki ba ya zama gaban surukinsa ya buɗe zancen sata, ko don ya wanke kansa. Matata ta je. Ta durƙusa ta yi masa bayanin na'ura da waya da ƙwan fitila. Ya saurare ta har ta gama, ya sa mata albarka, ya ce haka ake son ƴa ta gari, ta tsaya wa mijinta ko a kan me, kuma kada ta ƙara tada maganar. Na roƙi limamin unguwarmu ya aika masa. Ya amsa da godiya, ya ce Allah ya saka wa masu rufa asirin bayinsa. Ka gani? A wurinsa duk mai ƙaunata dole ya ce ban yi ba, kamar yadda shi ma yake cewa bai ji komai ba. Komawata aiki ma ta ƙara tabbatar masa: yana ganin na kai batirinsa, kun karɓa, kun haƙura.

Ga ni nan a tsakiya. In mayar masa da batirin haka kawai, na watsa masa alherinsa a fuska, zai ce girman kai ya hana ni karɓar sutura. In riƙe, na amsa ni ɓarawo ne. In sayi sabo in aika, zai ce na samu sarari na biya, satar dai na nan. Baki ɗaya ne zai iya warware wannan, bakin da ya ƙulla ta.

Batirin yana ƙarƙashin gadona. Malam Ilu ya ce in aka bar batiri a ajiye ba caji, mutuwa yake a hankali, don haka lokaci-lokaci nakan sa shi a buhu in kai shago a yi masa caji, kada ya mutu a hannuna. Ka dubi wannan hali: ni da ban taɓa satar batiri ba, yanzu ni ne ke bin lungunan Birni da batiri a ɓoye cikin buhu, ina waige kada wani ya tambaye ni na wane ne.

Can kuwa damina ta kankama. Ka san ƙauye da damina: ciyawa ta tashi, kunama da maciji sun fito. Tsohuwa ba ta gani sosai, da ƴar tocila take lallaɓawa. Masu zuwa caji sun tambayi ina batiri, ya ce musu ya lalace an kai gyara. Dattijon da ban taɓa jin an ce ya yi ƙarya ba, yau yana yi saboda ni. Gwiwar da ya faɗi a kanta har yanzu da sanda yake zuwa gona. Ko wannan takardar aka karanta a rediyo ba zai ji ba, don rediyon nasa shiru yake tun ranar da ya ƙulle buhun nan.

Abin da nake roƙo.

Ba kuɗi nake nema ba, ba ƙarin matsayi ba, ba kuma takardar ban haƙuri mai hatimi ba, don wanda nake so ya ji ba ya karatun boko.

Ina roƙonka, don girman Allah, ka ba ni yini ɗaya. Ka zaɓi Juma'ar da ta yi maka, mu je ƙauyen nan. In an sauko daga masallaci, ƙarƙashin bedin nan, a gaban mai gari da liman da duk wanda ya ji ta farko, ka faɗi ta biyu. Da Hausa, da muryar da ka yi waccan. Ba sai ka ƙasƙantar da kanka ba. Ka ce an bincika, abin da ke kashe batiri na'ura ce da ofis ya sa, Habu bai ɗauki komai ba. Ka riƙo ɗan akwatin nan a hannu su gani, yana nan a aljihun tebur ɗin kontabul.

Sannan ka karɓi batirin daga hannuna, kai ka miƙa wa tsohon, ka ce masa ofis bai karɓa ba don ba a bin kowa komai. Daga hannunka zai karɓa ba tare da ransa ya sosu ba. Ni zan durƙusa daga nesa, kaina a ƙasa, kamar yadda na saba. In an watse in hau rufin in haɗa masa wayoyinsa.

Ina kuma roƙo kada a taɓa mai gadi. Abin da ya gani ya faɗa, ba shi ya fassara ba. Sauran motocin ofis kuwa, in akwai irin wannan akwati a cikinsu, a faɗa wa direbobinsu, a kuma sa wanda ya iya ya haɗa shi yadda ya kamata, kada wani ya wayi gari a inda na tsinci kaina.

Na ci arzikinka shekara da shekaru, Yallaɓai, ban manta ba. Lokacin da mahaifiyata ta rasu ka zo har Birni ka zauna a tabarma tare da mu. Mutumin da ya yi wannan nake rubuta wa. Allah ya ƙara maka girma, ya tsare maka mutuncinka a gaban waɗanda kake jin nauyinsu. Allah ya sa rijiyoyin da ka haƙa su zama shaida a gare ka ranar gobe. Allah kada ya nuna maka ranar da za ka ɗaga ido ka ga tsohon da kake kunya a madubi yana tura ka.

Lakile na aljihuna. Duk Juma'ar da ka ce, za ka tarar da ni a bakin ƙofa tun da sassafe, da buhu a kujerar baya. Motar za ta tashi, wannan na ɗaukar maka alkawari. Gidan tsohon ne har yanzu ke cikin duhu.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Habu direba, Birni, Damagaram.